Taura Biyu Ba Ta Taunuwa, Ni Bakwai Na Cusa a Baki

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na tura ƙofar ɗaki na sa sakata, na sauke kwanukan jerena ɗaya bayan ɗaya, na zazzage abin da ke cikinsu a kan tabarma, na zauna na ƙirga. Dunƙulen zaren ulu 63. Hulunan da na fara ban gama ba, 11. Waɗanda na gama har wani ɗan Adam ya ɗora a kansa ya fita da su, guda uku, cikinsu ma ɗaya don gudun ɓacin raina aka sa ta. Abin da na tara ke nan a shekara shida da na yi ina amsa sunan mai saƙa.

Ba na ɗauke-ɗauke, ba na cin bashi in hana, gulmata ma ba ta wuce ta kowa ba. Ciwona ɗaya ne: ba na iya ganin launi in kau da kai. In na ga zare ruwan goro kwance kusa da shuɗi, sai in ji kamar an kira sunana. In na fara hula da launi biyu, kafin in kai tsakiyarta sun zama huɗu, kafin in kai tsakar kai sun zama bakwai, daga nan kuma hular ta shiga kwalla ta kwanta kusa da 'yan uwanta.

Ba haka aka koya mini ba, kada a ɗora wa wadda ta koya mini laifi. Goggona ce ta fara damƙa mini kwarashi. Ita kam hular jariri da safarta a zama ɗaya take gama su, tsakanin la'asar da isha'i, rediyo na gefenta, ba ta ko duban hannunta. Launinta ɗaya ne kullum, in ba fari sol ba to ruwan hoda. Rabin jariran unguwarmu a cikin saƙarta aka yi musu suna. Ranar da ta ga na fara kama hannu sai ta ce, "'Yar nan, zare ɗaya, hankali ɗaya." Na ce to, Goggo. Na riƙe wannan magana shekara guda cur, na kuma saƙa huluna farare masu kyau waɗanda ba na ko ƙirga su a cikin tarihina, domin ba su taɓa sa zuciyata bugawa ba.

Fitinar ta waya ta shigo. Wani dare na ci karo da bidiyon wata tsohuwar Baturiya a YouTube tana saƙa da tsinkaye, zare ɗaya a hannun dama, ɗaya a hannun hagu, taurari suna fitowa daga tsakanin yatsunta kamar da ma a can suke ɓoye. Na kalla har data ta ƙare, na sayi wata, ita ma ta ƙare. Da gari ya waye na riga na raina farar hula.

Wannan irin saƙa ana danganta ta da Fair Isle, wani ɗan tsibiri a arewacin Sikotland, tsakanin Orkney da Shetland, wanda mutanensa ba su kai ɗari ba, tumaki sun fi su yawa nesa ba kusa ba. A 1921 Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na 8, ya fito bainar jama'a da rigar sanyi irin saƙarsu, sai duniya ta ɗauka. Shi ne kuwa yariman da aka yi wa hawan daba a nan Kano a 1925, zamanin Sarki Usman na 2. Na taɓa kafa wa maigidana hujja da wannan tarihi, na ce masa sana'ar da yake yi wa dariya har 'ya'yan sarakuna ta tufatar. Bai ko ɗago daga jaridarsa ba ya ce, "Haka ne. Amma shi yariman ai an gama masa tasa rigar."

Matan tsibirin nan suna da ƙa'ida guda wadda duk mai koyo da ita yake farawa. Riga ko hula tana iya ɗaukar launi biyar ko makamancin haka, amma a kowane layi biyu tak ake riƙewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: hannun mutum biyu ne. Zaren da ba a saƙa da shi a wannan gaɓar ba yankewa ake yi ba, bin bayan saƙar yake yi yana jiran a zo kansa, shi ya sa hular ke yin kauri biyu ta tare sanyi. In aka ƙara na uku sai bayan ya cunkushe, in aka ƙara na huɗu sai hula ta koma tabarma. Na karanta wannan ƙa'ida, na fahimce ta, har na yi wa maƙwabciyata bayaninta da yatsa a sama. Hausawa ma tuni suka ce taura biyu ba ta taunuwa. Su matan tsibirin sun yi dabara sun tauna biyun. Ni kuwa na ga ai bakina ya fi nasu faɗi.

Akwai wani lungu a kasuwar Sabon Gari wanda ƙafata ta san hanyarsa fiye da yadda ta san hanyar gidan iyayena. Mai shagon ba ya yi mini ƙarya, ba ya tauye mini canji, ba ya ko matsa mini. Abin da yake yi ya fi wannan illa.

"Hajiya, barka da zuwa. Yau me za a ba ki?"

"Malam, fari kawai, guda ɗaya. Sauri nake yi."

"To, Hajiya."

Sai ya miƙa hannu ya ɗauko farin, ya ajiye shi a kan tebur, daidai gefen wani ja wur da aka sauke jiya. Ya yi shiru. Ya juya yana ba wata canji. Ni da jan muna kallon juna. Can sai in ji bakina yana tambaya ko akwai ruwan ɗorawa mai ɗan duhu wanda zai raba su faɗa. Akwai. Da shunayya? Akwai, saura biyu. Kalmar nan ta "saura biyu" ita ta cinye mini kwasan adashi har sau uku. Domin duk mai saƙa ta san cewa rinin yau da na wata mai zuwa ba sa zama ɗaya ko da sunansu ɗaya ne, in zare ya yanke miki a tsakiyar aiki kika koma kika sayo wani, sai ki ga layi ya fito a jikin hular kamar an ja shi da alli. Wannan gaskiya ce. Ni kuma na mai da ita lasisin kwashe duk abin da na gani, don hular da ban ma yi tunanin fara ta ba.

In mutum bai taɓa zama da zare bakwai a cinya ba, ba zai gane abin da ake nufi da rikici ba. Kowane dunƙule yana da ra'ayinsa. Ja ya gangara ƙarƙashin gado, kore ya naɗe ƙafar kujera, fari ya bi ta cikin kwanon miyar da ba a ɗauke ba. Duk juyin da na yi wa aikin sai zaruruwan su murɗe da juna kamar igiyar guga. Minti goma ina saƙa, rabin awa ina warwara. Yarana sun san wannan lokaci. In suka ji na fara salati ƙasa-ƙasa sai su sulale waje, domin wanda aka kama shi zai tsaya da hannu biyu a buɗe ana naɗe masa zare har magariba.

Sai kuma lissafi, inda kunyata ta fi yawa. 'Yan madaukan nan da ke jere a kan tsinke, waɗanda muke ce wa ido, dole yawansu ya rabu daidai da faɗin zanen. In tauraronki ido takwas yake ci, to ki ɗora 96, taurari 12 su zagaye kai su haɗu lafiya. Ni na ɗora 100, saboda ɗari ta fi daɗin faɗa. Na saƙa taurari 12, ido huɗu suka yi saura, rabin tauraro ya zauna a ƙeya kamar wanda aka gutsura. Ni ce fa malamar da ke tsayawa gaban 'yan aji huɗu kowane mako tana koya musu rabawa da abin da ya yi saura, tana jan kunnen wanda ya manta.

Ƙanwata tana aure a Jos, inda sanyi ba wasa ba ne, gari a kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200. Tana da ciki wata bakwai ta kira ni ta ce, "Yaya, hular suna dai a hannunki take." Na ce ta kwantar da hankalinta. Kan jariri sabon haihuwa bai wuce santimita 35 ba, aikin kwana uku ne ga mai hankali. Na fara da fari da sararin samaniya. A layi na goma na ga kamar suna kaɗaici, na sa musu ruwan ƙwai. Ruwan ƙwan ya yi ihu da yawa, na kawo ruwan toka ya kwantar da shi. Ruwan tokar ya kashe hular, na kawo ja ya tashe ta.

Aka haihu, namiji. Aka yi suna, na je da atamfa da sabulu da alkawari. Aka yi arba'in. Yaro ya fara zama, ya fara rarrafe, ya fito da haƙora biyu. Yana wata tara na kai hular, lokacin kansa ya doshi santimita 45. Ko da a ce ranar suna na kai ta, ba za ta shiga ba, domin na ja zaren bayan da ƙarfi har ta tsuke ta tattare kamar bakin jakar tsohuwa. Zaren da ke bin baya so yake a sakar masa jiki, a kuma riƙa maƙale shi bayan kowane ido huɗu ko biyar don kada ya yi tsawon da zai kama yatsan jariri ko ɗan kunnen jaririya. Ni na ja inda ya kamata in saki, na saki inda ya kamata in maƙale. Muka gwada ta a kan lemo, ta zauna daram.

Ƙanwata mai kunya ce. Ta juya ta, ta sake juya ta, ta ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri. Za mu ajiye wa ƙaninsa." Na ce ta ba ni in ɗan gyara bakin. Ƙanin nasa yanzu yana gudu da ƙafarsa. Hular tana cikin samira ta biyu daga sama, na warware rabinta don in ƙara algashi.

Ta maigidana kuwa ita ce ta fitar da ni kasuwa. Hunturu ya shigo, ya ce in saƙa masa hular sanyi ta zuwa sallar asuba. Ya faɗa da bakinsa, ina ji: baƙa ko ruwan toka, lamba 22, ba ado. Na ce an gama. A daren na yagi tsakiyar littafin lissafin ɗiyata, mai gida-gidan nan, na zauna ina cike gidajen da biro har dagin Arewa ya fito, da ƙullinsa da komai. Na zaɓi ja a kan kore. A hannu sun yi kyau kamar tumatir a cikin ganyensa.

Mako uku ina wannan aiki. Da na gama dagin na jingine hular a bango, na ja da baya taku uku, sai dagi ya ɓace. Babu shi. Wani abu ne kawai mai kama da miyar kuka da aka zuba wa manja. Ɗiyata ce ta karɓi wayata ta ɗauki hoton hular, ta mai da shi baƙi da fari, ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Jan da koren duk sun zama toka iri ɗaya. A ranar na koyi abin da ya kamata in sani tun farko: ba bambancin launi ke fito da zane ba, bambancin haske da duhu ne. Ja da kore sunansu ne ya bambanta, nauyinsu a ido ɗaya ne. Wadda ke da hankali sai ta warware ta sake. Ni sai na zagaye dagin da ruwan ɗorawa don ya fito, na zagaye ruwan ɗorawar da fari, na sa shunayya a baki, ruwan hoda a tsakiya, ruwan goro a sama. Baƙin da ya roƙa kuwa ko zare ɗaya bai samu shiga ba.

Bawan Allah ya karɓa ya yi godiya. Ya yi lissafin cewa da duhu zai fita, da duhu zai dawo. Ranar kuwa aka tsaya karatu bayan salla har gari ya yi haske. Ya shigo gida kunnuwansa sun yi sanyi ƙalau, hular a aljihu. Da ƙyar na ji labarin: wani taubashinsa ne ya tare shi a ƙofar masallaci ya tambaye shi ko tashe ya fara tun azumi bai kama ba. An ce a tsibirin Takile na ƙasar Peru da ke tafkin Titikaka, inda maza ne ke saƙa tun suna yara, har UNESCO ta karrama sana'ar a 2005, hular namiji ita ke faɗin matsayinsa: ja ta mai aure, ja da fari ta wanda bai yi ba. Da a can maigidana ya fita da tawa, da an rasa gane ko gwauro ne, ko ango, ko mai mata huɗu.

Ban haƙura ba. Na ce matsalar matsewa ce kawai. Na kai wa mai wankin hula na bakin titinmu, mutumin da Zanna da Damanga ke fita daga hannunsa a tsaye kamar sojoji, na ce ya ɗora ta a gungumensa ta buɗe. Ya juya cikinta waje, ya daɗe yana duban zaruruwan da suka yi cirko-cirko, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ta fi ƙarfina. Ina ne ma gabanta?" Na dawo gida a fusace, na jiƙa ta, na kifa ƙwarya na ja ta a kai, na ɗora mata dutsen guga mai zafi. Abin da muke kira ulu a kasuwa, yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur. Ki kusantar da bakinsa ga ashana: na tunkiya ƙaurin gashi yake yi ya zama toka, na roba narkewa yake ya dunƙule. Zafin guga kuwa kashe shi yake yi, ya saki, ba ya sake komawa. Hular ta buɗe kam. Ta baje kamar faifai. Yanzu ita ke rufe bakin randarmu, kuma a nan ne kaɗai aka taɓa yaba ta.

Asirin kwanukan ranar ƙaramar salla ya tonu. Ƙanwar maigidana ta shiga ɗakina neman babbar kwalla a zuba tuwon maƙwabta. Ta ɗauko ta ji ba nauyi, ta fito tsakar gida ta ɗaga murfi a gaban surukata da baƙi. Dunƙule goma sha wani abu suka yi tsalle suka watse, kowanne da jelarsa, ɗaya har cikin makwarara. Tsakar gida ta yi tsit. Surukata ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ikon Allah. Mu a zamaninmu daddawa muke ɓoyewa a ciki." Na so ƙasa ta tsage. Bayan baƙi sun watse na tattara su na mayar cikin kwallar, bisa hujjar cewa ba wanda zai zaci zan sake ɓoyewa a wuri ɗaya.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa son kyau ne ya yi mini yawa. Ranar Asabar ɗin nan, ina zaune a tsakiyar huluna 11 marasa tsakar kai, na ga ba haka ba ne. Duk a wuri ɗaya na tsaya, daidai inda ado ke ƙarewa a fara rage ido don rufe sama. Daga nan babu sauran mafarki, sai ƙirga da haƙuri, sannan a ɗora wa mutum a kai kowa ya ga abin da kika iya. Dunƙulen da ba a taɓa ba ba shi da aibi. Hular da ba a gama ba tana iya zama wadda ta fi kowace kyau a Kano. Wadda aka gama kuwa, ga ta nan, da rabin tauraronta a ƙeya. Duk sanda na ji ƙarshe ya matso sai in ɗauko sabon launi, in sayi mako guda kafin a yanke mini hukunci. Ga dalilin da ya sa hunturu ke shiga a Nuwamba ya fita a Fabrairu, ni kuma hulunana sai Afrilu suke kusa da gamuwa, lokacin da zafi ke kai maki 40 mutane na neman inda za su cire fatarsu.

Goggo ta ji labarin kwalla, domin irin wannan labari ba ya kwana. Ta zo ta zauna, ba ta yi faɗa ba. Ta tsinci baƙi ɗaya da fari ɗaya daga tarin, ta ɗora mini a cinya, ta kulle sauran a kabad ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Ta ce, "In kin gama ki aiko a karɓa." Na ɗora ido 96. Na ƙirga sau uku. Na sakar wa zaren baya jiki, na maƙale shi inda ya dace. Kwana tara na rufe tsakar kai. Taurari 12 farare tas a kan baƙi ƙirin, ana hango su daga bakin zaure. Ta zauna wa maigidana kamar da ita aka haife shi. Taubashin nan nasa da kansa ya aiko a tambaye ni nawa zan saƙa masa irinta.

Ya kamata a ce na warke. Amma daren da makulli ya dawo hannuna na kasa barci. Na tashi na ɗauki hular daga inda ya rataye ta, na juya naɗin bakinta, na bi cikinsa da layi ɗaya na ruwan goro, siriri, inda ido ba ya kaiwa. Sannan na kwanta na yi barci mai daɗi. Kullum da asuba yana fita da ita, bai sani ba, sai fa in ya karanta wannan.

Saboda haka ina roƙon 'yan uwana mata abu biyu. Wadda duk ta hange ni a lungun masu zare a Sabon Gari ina cewa fari kawai na zo saya, ta taimaka ta ja hijabina mu wuce, ko ba ta san ni ba. Wadda kuma take son in saƙa wa jaririnta hular suna, kada ta jira sai ciki ya tsufa. Ta gaya mini tun ranar ɗaurin aure.